Azumin da Aka Dawo Mini da Langa

Bana azuminmu ya sake haɗuwa da na Kirista. Ban ma lura ba sai wata Laraba, ina zaune a ƙofar shagon ɗana Habu, kusa da Masallacin Koudoukou a nan birnin Bangi, wata mata ta sauko daga moto, wato babur, da toka a goshinta ta ce a auna mata shinkafa. Jikata ta matso kunnena, da yaren Sango, don Hausarta sai a hankali, ta ce ko a gaya wa matar nan goshinta ya ɓaci. Na ce ta kama bakinta, tokar coci ce, yau suka shiga karem, azuminsu ke nan. Daga lokacin har aka sha ruwa hankalina bai dawo jikina ba. Ya koma wata shekara, talatin da 'yan kai baya, da azumin biyu suka zo tare kamar haka, muna zaune a unguwar Kokoro, katanga ɗaya tsakaninmu da Maman Silbi.

Zafin shekarar nan ba na manta shi. Yanzu ma ana zafi, ban ce ba a yi ba, amma yanzu kowace kwana akwai mai firiza, ka aika a sayo maka ƙanƙara a leda ka ɗora a wuya. A lokacin tun da hantsi rufin ɗaki yake fara ƙara, kafin azahar ba mai iya zama a ciki. Kogi ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa. Rijiyarmu ta yi ƙasa, muka ƙara igiya da tsohon zane, guga ya riƙa fitowa rabi ruwa rabi jan laka, sai an bar shi ya kwanta. Mukan jiƙa mayafi mu lulluɓa, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Da yamma hadari yakan taso daga ƙetaren kogi, ya yi baƙi, ya yi mana gurnani, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse ya bar mu da gumi. Mangwaro duk ɗanye a kan bishiya, shi ma ruwan yake jira.

Ga kuma babu. Ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi, kuma a Bangi idan aljihun ma'aikaci ya bushe, Kilomita Biyar, yankinmu na 'yan kasuwa, ita ce take fara jin ƙishi. Shagon Alhaji, maigidana, Allah ya jiƙansa, na sari ne, shinkafa da sabulu da man girki da sukari. Shekarar nan kantocin suka zama kamar bakin tsohuwa, nan haƙori can gurbi. Matar mai sayar da sukari ce ni, amma kunun gidana ba sukari, sai lemon tsami da niyya mai kyau.

Duk da haka ban taɓa yin azumi mai dariya kamarsa ba. Da sahur mu yi ɗumamen gozo, tuwon rogo ke nan, da miyar ganyen rogo da ta kwana ta yi kauri. Da safe shara da wanki da ɗan ruwan da aka tace. Bayan azahar matan layinmu su taru ƙarƙashin mangwaron gidana, don inuwarsa ta fi ta kowa. Wata ta zo da gyaɗa, wata da ɗan tsakin shinkafa, wata ba ta zo da komai ba sai hannunta da bakinta, kuma ita ce ta fi kowa amfani. Mu soya gyaɗa, mu murje, mu daka har ta yi mai, muna karɓar taɓarya hannu da hannu don ba mai ƙarfin da za ta kai ƙarshe ita kaɗai. Ƙamshin gyaɗar nan a kan cikin da ba komai, Allah ne kaɗai ya san ladan da muka samu. Sai a dama kunu a babbar tukunya ɗaya, kowa ta ɗebi na gidanta.

Kafin kowa ya ɗiba, ni nake fara cika langar Maman Silbi.

Sunanta Odet, amma a unguwa ba mai kiranta haka sai mijinta. Doguwa ce, mai wushirya, idan ta yi dariya ana ji har bakin titi. 'Yar Katolika ce ta gaske, ba ta fita da safe sai ta durƙusa gaban ɗan gicciyen da ke falonta. A wani banki take aiki a cikin gari, ita ke duba takardun 'yan kasuwa masu neman banki ya tallafa musu. Mijinta malamin makaranta ne, yana cikin waɗanda ba a biya, don haka gidan duka a kanta yake. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi Habu, tun daga ranar take ce mini Maman Habu, tana kuma yi mini tsiya wai ni kunyar faɗin sunan ɗan fari nake yi, ita za ta riƙa faɗa mini shi kullum kyauta. Sango muke yi da ita, tana jefa Hausar da ta tsinta a gidana, yawanci ta zagin yara.

Azuminta kuwa ya sha tsokana a wajena. Ba ta cin komai sai yamma, ta bar sukari, ran Juma'a ba nama, amma tana shan ruwa. Nakan ce mata, "Maman Silbi, azumin da ake shan ruwa ai hutu ne." Ita kuma ta ce, "Ku da kuke cin na kwana biyu kafin asuba? Ni naku biki ne."

Langar tsohuwa ce, mai zanen fure, bakinta ya ɓantare. Kullum dab da magariba in cika ta da kunu, in ɗaure da wani tsohon ɗankwali, in ɗora a kan katanga. Tana dawowa daga aiki ta ɗauka. Washegari in same ta a wurin, a wanke, kuma ba ta taɓa dawowa wayam ba, ko ayaba biyu, ko lemon tsami, ko 'yar gyaɗa. Haka muke yi kowane azumi tun da muka tare a gidan, ba wanda ya taɓa zama ya tsara shi.

Ana cikin haka Alhaji ya yanke shawarar zuwa banki. Yana so su tsaya masa ya ɗauko kaya mota guda daga Duwala kafin Salla, ko shagon ya farfaɗo. Maganar halascin abin ni ban shiga ba, shi da malaminsa suka yi ta. Ya haɗa takardunsa, dosiye suke ce masa, ya kai. Ya dawo yana murmushi har kunne, don an gaya masa dosiyen 'yan Kilomita Biyar duka a teburin Madam Odet suke sauka.

Wata Juma'a ya shigo da kaza a hannu ɗaya, a ɗaya hannun sabon turmin atamfa, irin mai tsadar nan da ko ni ban taɓa ɗaurawa ba. Ya ce in soya kazar in sa a langar Madam, in ɗaure da atamfar maimakon ɗankwali.

Na ce, "Alhaji, wannan ɗaurin langa ne ko lefe za ka kai?"

Ya ce, "Ke dai ɗaure. Maƙwabciya ce, watan azumi ne. An hana kyauta?"

"Tun da muka zo gidan nan ban taɓa ganin kazarka ta tsallaka katangar nan ba."

"To yau ta tsallaka."

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauka haka. Yadda ya taso ke nan. A wajensa ka je gaban wanda kake neman abu a hannunsa hannu rabbana rashin ladabi ne, haka ya ga mahaifinsa yana yi, haka kowa yake yi a kasuwa. Na soya kazar ina haɗiyar yawu, yarana suna leƙe, na ɗaure da atamfar, ƙullin ya yi ƙato kamar kayan mai ƙaura, na ɗora a katanga.

Bayan mun sha ruwa na fito alwala, sai na ga ƙullin yana nan, amma an juyo shi ya dawo gefenmu. Ɗaurina ne yadda na yi shi, ba a ko kwance ba.

Nan da nan na samo mata uzuri. Na ce wa Alhaji, "Ka ga irin wayonka. Ran Juma'a ka aika wa 'yar karem da kaza." Ya dafa kai ya ce wallahi ya manta. Yara suka ci kaza ranar, suna yi wa Maman Silbi addu'a ba su san dalili ba.

Washegari na koma yadda muka saba. Kunu zalla, tsohon ɗankwali. Na ɗora, na koma na zauna inda nake hango katangar. Na ji ƙarar takalminta, na ga hannunta ya zo kan langar ya tsaya kaɗan. Sai ya turo ta a hankali gefenmu ya janye.

Wanda bai san mu ba zai ce mene ne a ciki, kunu ne fa. A wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya yi maka faɗa, ana iya ƙin gaishe ka, duk da sauƙi. Amma a dawo maka da abinci a rufe, an ce maka ba a yarda da hannunka ba ke nan. Na sake gwadawa washegari, ta sake turowa. Daga nan na wanke langar na kife ta a ƙarƙashin gado, na ce ni ma uwata ce ta haife ni.

Na yi fushi, fushi na gaske, kuma a ƙarƙashinsa baƙin ciki ne. Da safe sai in ji muryarta ta bayan katanga, "Bara mo, Maman Habu," gaisuwarta ta kullum, ni kuma in ƙara wa tsintsiya ƙarfi kamar ban ji ba. Matan ƙarƙashin mangwaro suka lura tukunya ba ta fara da langa. Ɗaya ta ce mai banki ta ƙoshi, kunu ba sukari ya yi mata kaɗan. Wata ta ce dama abota da wanda ba addininku ɗaya ba haka take ƙarewa. Wannan na tashi mata da taɓarya a hannu. Na ce, "Lokacin da nake naƙuda ke kina ina? Ni kaɗai nake da ikon zaginta a layin nan." Aka yi dariya aka raba mu, amma ni ban yi dariya ba. Abin da ya fi ci mini rai, ina azumi ina riƙe da maƙwabciya a zuci, in ɗaga hannu in yi addu'a in ji kamar ba ta wuce rufin ɗaki ba.

Alhaji kuwa kullum sai ya tambaye ni ko Madam ta ce wani abu game da dosiye. Nakan ce ya je ya tambayi kazarsa.

Haka muka shiga goman ƙarshe. Wata ranar da zafi ya kai inda ko kaji sun buɗe baki sun kwanta, bayan la'asar hadari ya taso kamar kullum. Ba wadda ta motsa, mun gaji da ƙaryarsa. Sai iska ta kaɗa mangwaro, ɗanyu suka riƙa faɗowa, wani ƙamshin ƙasa ya bugo mu, kafin mu tashi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ta ruga gidanta. Muka fito da duk abin da yake da ciki, baho da tukwane da bokitai har da butoci, muka jera a bakin indararo. Yara suka tuɓe suka shiga tsakar gida suna tsalle. Ni ma na tsaya a ciki da gangan, ruwan yana bin wuyana yana gangarowa, na damƙe leɓɓana kada ɗigo ya shiga ya karya mini azumi, ina dariya ta hanci.

A haka na ga an turo ƙofar gida. Maman Silbi ce, jiƙe sharkaf, kayan ofis sun manne mata, takalmi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun wani kofin roba.

Ta ce, "Maman Habu, na zo shan kunu."

Na juya mata baya na shiga rumfa. Ta biyo ni ta zauna a kan tabarmata ba wanda ya ce ta zauna, tana ɗiga.

Na ce, "Kunun da kika turo mini da hannunki?"

Ta ce, "Shi."

"Yau ya zama mai tsabta?"

"Kullum mai tsabta ne. Ki zauna, tsayuwarki tana sa ni jiri."

Na zauna, amma nesa da ita.

Ta ce, "Ranar da na ga atamfar nan, na san ba ke ba ce. Amma daga ranar, duk abin da ya hau katangar nan, Alhaji zai ƙirga shi cikin maganar dosiye. Ni ma kaina ban yarda da zuciyata ba. In sha kununki da yamma, da safe in buɗe takardun mijinki, ta yaya zan san wace ce take dubawa, ma'aikaciyar banki ko ƙawarki? Abin da ke bankin nan ba nawa ba ne, na mutane ne, har da mata masu sayar da gozo a bakin titi. Kullum da safe ina roƙon Ubangiji ya tsare mini hannuna. Ba zan roƙe shi da safe in ba shi kunya da rana ba."

Na ce, "To bakinki ciwo yake yi? Ba za ki faɗa mini ba?"

"Maganar dosiye ba ta fita daga ofis, ko ga matar mai shi. Kuma da na buɗe baki, ke da na sani, sai kin yi kuka, ni ma in yi, shi ke nan na sha. Kina tsammani ban ji ƙamshinsa ba? Ranar da na turo langar nan, na shiga ɗaki na durƙusa, addu'ar ma ta ƙi fita."

Idona ya ciko, na yi kamar ruwan sama ne. Na ce, "To yau me ya canja? An ba shi?"

"Ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da kuka sani. Na je wajen direkta na ce ya ɗauke dosiyen daga hannuna, mai shi maƙwabcina ne, matarsa 'yar'uwata ce. Sai yau ya sa hannu."

Daidai nan aka kira salla. Na kurɓi ruwa, na jawo tukunya, na cika mata kofin har yana zuba. Ta yi alamar gicciye, na yi bisimilla, muka kafa kai. Kunun ya huce, ba sukari, lemon tsamin ma ya yi yawa. Ta shanye ta miƙo kofin tana lumshe ido, ta ce, "Singila, na gode, amma hannunki ya lalace da ba na nan." Na ce ta ajiye mini kofi ta fita mini daga gida. Muka yi ta dariya har yara suka taru suna kallonmu, ni ina dariya ina share hawaye da bakin mayafi.

Muna haka Alhaji ya dawo daga masallaci, ya naɗe ƙafar wando, hula a hannu. Ya gan ta ya tsaya.

Ya ce, "Madam, barka da shan ruwa. Ina labarin dosiyena?"

Ta ce, "Barka kadai, Alhaji. Yana hannun wani mutum da bai san ƙofar gidanka ba. Zai duba shi da gaskiya. In ya cancanta za a ba ka, in bai cancanta ba ba za a ba ka ba."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Mutum yana da nasa a ciki, sai a miƙa shi ga bare?"

"Da na riƙe shi ma, Alhaji, abin da baren zai yi shi zan yi. Sai dai da na yi shi, da mun rasa gaisuwa har abada."

Ya ce, "Hm. To sauran 'yan kasuwar fa, su ma kin yar da su?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Direkta ya ce in dai maƙwabtaka ce, Kilomita Biyar duka maƙwabtana ne. Ya kwashe teburin gaba ɗaya ya ba wani. Daga gobe ina tagar karɓar kuɗi, wajen masu layi."

Sai a lokacin na gane. Ko ni da ban yi boko ba na san taga ƙasa take da ofis, kuma na san abin da ake ba mai taga bai kai na mai ofis ba, ga miji ba albashi, ga Silbi da ƙannenta a makaranta. Na ce, "Maman Silbi, kin haukace?"

Ta ce, "A taga akwai iska. Ofishin nan zafi ne da shi."

Bankin dai bai tsaya wa Alhaji ba a ƙarshe, aka ce takardun rumbunsa ba su cika ba. Muka yi Salla da tsofaffin kaya, shagon ya rarrafa har damina ta yi nisa kafin ya miƙe. Amma duk wannan daga baya ne. A yammacin nan bai san komai ba tukuna. Yana tsaye a bakin rumfa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Ya ce, "Madam, kin bar kujerarki saboda kunun da ko sukari babu?"

Ta ce, "Don in sha shi ya wuce mini a wuya, Alhaji."

Sai ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙwaryarsa da ludayinsa na duma, wanda ya gada wajen mahaifinsa, wanda ko ni wankewa kawai nake yi, ban taɓa kai shi baki ba. Ya ajiye a gabanta a kan tabarma.

Ya ce mini, "Zuba mata a nan. Ni ba ni kofin robar."